Godiya ga ma'aikatan sansanin sojin sama na 101, Yamai

Assalamu alaikum.

Ƴaƴana da ƙannena na sansanin 101 da ke gefen filin jirgin Diori Hamani, sannunku da aiki, sannunku da ƙoƙari. Na rubuto ne musamman saboda waɗanda ba a nuna su a talabijin: makanikai, masu zuba wa jirage mai, masu lodi, da malaman jinya da ke bin jirgi su ɗauko wanda aka jikkata.

Ɗan ƙanwata soja ne, an harbe shi a cinya a yankin Tillaberi. Da a mota aka ce za a kawo shi, ga nisa ga nakiyoyin da ake binnewa a hanya, Allah kaɗai ya san yadda za ta kaya. Jirgi mai saukar ungulu ya je ya ɗauko shi, kafin la'asar yana gadon asibiti a Yamai. Ya ce min wani malamin jinya ya danne masa raunin da hannu tun tashi har sauka, yana ta kiran sunansa don kada ya suma. Bai ko san sunan bawan Allahn nan ba. Yau yaron yana taka ƙafarsa.

Mu mutanen unguwar Talaje, maƙwabtan filin jirgin, tun kafin assalatu muke jin rugugin injin, mun kuma san wani ne ya kwana a tsaye yana duba shi. Jirgin C-130 da Amurka ta ba Nijar a 2021 injinsa huɗu, kowanne sai an kula da shi cikin ƙurar hunturu da zafin bazara kafin ya kai dakaru da abinci Diffa, tafiyar da ta haura kilomita 1,300 a mota. Sojojin Faransa sun tafi a ƙarshen 2023, na Amurka a 2024, amma rugugin nan bai yanke ba. Wannan abin a yaba muku ne.

Ina kuma jinjina wa Ouma Laouali, wadda a 2015 ta zama mace ta farko da ta tuƙa jirgin sojin Nijar. Jikata takan ce ita ma matuƙiya za ta zama.

Roƙona ga hukuma, a wadata makanikan nan da kayan gyara, a kuma riƙa tunawa da su ranar rabon lambar yabo. Allah ya tsare ku a sama da ƙasa, ya ji ƙan waɗanda suka riga mu.

Uwarku,
daga unguwar Talaje, Yamai