Gonar da Ake Noma wa Barewa

Aminina,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, ya iyali, ya ƙoƙari? Saƙonka ya iso, na kuma ga dariyar da ka yi wa hoton da na turo, har kana cewa mutanen nan ƙoshi ne ya yi musu yawa, tunda kai kana kwana a gona kana korar dabbobi su kuma suna yi musu noma. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarka, amma bari ka ji yadda abin yake.

Nan arewacin jihar Wiskonsin, kusa da garin Rhinelander, kusan duk mai ɗan fili a daji yana ware eka ɗaya ko biyu ya shuka wa barewa abinci. Barewar nan ita ce mai farar wutsiya, namijinta yakan fi babban rago nauyi nesa ba kusa ba. Dattijon da nake haya a gidansa yana da eka 40, yawanci kurmi, kuma tun da ƙafarsa ta fara damunsa ni nake taya shi aikin.

Kafin a taɓa iri sai an ɗebi ƙasa an aika gwaji. Ƙasar yankin nan rairayi ce mai tsami, in ba ka zuba mata garin farar ƙasa ba, wani lokaci tan ɗaya ko biyu a eka, to takin da ka saya asara ne, shuka ba za ta iya jansa ba. Dattijo yakan ce wanda ya ƙi biyan kuɗin gwaji zai biya mai sayar da iri sau biyu.

Sai lissafin lokaci, kuma a nan ne manomin Katsina irinka zai fi jin daɗin labarin. Su ba ruwan sama suke jira ba, sanyin farko suke ƙirgawa, wanda kan sauka wajen tsakiya ko ƙarshen Satumba. Daga ranar sai su koma baya kwana 60 zuwa 90, shi ya sa a ƙarshen Yuli ake shuka dangin kabeji, wato tanif da radish masu yin tushe a ƙasa, da wani mai faffaɗan ganye. Irinsu ƙanana ne ƙwarai, kilo 2 zuwa 3 ya ishi eka guda. Yafawa ake yi a danne, ba a binnewa da zurfi. In hannu ya yi nauyi aka cika iri, sai su tashi a cunkushe, ganye ya yi ja, tushen bai wuce ɗan yatsa ba. Kuma ba a maimaita su a wuri ɗaya fiye da shekara biyu a jere, saboda wata cuta da ke kumbura saiwa.

Barewa kan wuce su kamar ba ta gani ba har sai sanyi ya buge su. Maharba suna cewa sanyin ne ke sa su yi zaƙi. Ni dai a ganina rashin wani ɗanyen abu a daji shi ma yana da hannu. A Disamba kyamarar da muka ɗaure a bishiya ta ɗauko wata uwa da ɗanta: tana sa kofaton gaba tana tonon dusar ƙanƙara, ta kai ga tanif ɗin da ya daskare, ta gatsa gefe, ɗan ya tura kai cikin ramin da ta haƙa. Da safe na je na tarar da filin duk ramuka, ga ɓarin tushe fari da shunayya a warwatse da shatin haƙora a jiki.

Akwai wata dabara da ta burge ni. Ana kafa ɗan kejin waya a tsakiyar gonar, inda baki ba zai kai ba. In shukar da ke ciki ta kai gwiwa ta waje tana ƙasa kamar an yi mata aski, ka san gonar ta yi, cinyewa aka yi. In ciki da waje duk ɗaya ne a tsumbure, laifin ƙasa ne ko na manomi.

To amma in ka ji an ce gonar nan ce ke raya barewa a tsakiyar hunturu, ka rage. Da dusar ƙanƙara ta kai wajen inci 18, barewa ba ta iya tono, tafiya ma tana cin ƙarfinta fiye da abin da za ta samu. Sai su bar fili su taru cikin kurmin itatuwan da ba sa zubar da ganye, musamman farin sidar, inda rassa ke tare ƙanƙara da iska. A can suke tattake hanyoyi, su rage motsi, su rage ci, suna tsinkar ƙananan rassa suna ƙona kitsen da suka tara da kaka. Barewa na iya zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinta ta rayu. Hukumar albarkatun ƙasa ta jihar tana da ma'aunin tsananin hunturu: daga 1 ga Disamba zuwa 30 ga Afrilu, duk ranar da sanyi ya kai digiri 18 ƙasa da sifili maki ɗaya, duk ranar da ƙanƙara ta kai inci 18 wani makin. Ƙasa da 50 da sauƙi, in ya haura 100 an san za a tsinci gawarwaki. Har yanzu dattijo yana ba da labarin hunturun 2013 zuwa 2014.

Saboda haka amfanin gonar na gaske yana baki biyu ne, kitson kaka da tsiron farko bayan hunturu. Na biyun shi ya sa ake yafa hatsin rayi, ɗan'uwan alkama, a farkon Satumba, kilo 45 ko makamancin haka a eka. Yana tsirowa cikin sanyin da ba abin da ke tsirowa, ya kwanta ƙarƙashin ƙanƙara, da ta narke shi ne kore na farko. A lokacin uwaye na ɗauke da ciki, haihuwa kuma ƙarshen Mayu zuwa Yuni. A watan Maris ma ana watsa irin kuloba, ciyawa ce dangin wake, a kan ƙasar da ke daskarewa da dare ta saki da rana, ita da kanta take haɗiye irin.

Ka tambaya me ya sa ba za a zuba musu masara a huta ba. Ka tuna ragon layyar da ya fasa buhun dawa ya kwana da kumburin ciki? Ita ma barewa mai tuƙa ce. Ƙwayoyin da ke tumbinta sun saba da rassa, in ta cika ciki da masara farat ɗaya tumbin ya yi tsami ta mutu. Harawa busasshiya ma ba ta narke mata, ana samun wadda yunwa ta kashe cikinta cike. Sannan ga cutar ƙwaƙwalwa mai rame su, wadda aka gano a jihar nan a 2002. Ba ta da magani, tana bin yawu da fitsari da kashi, tana kuma daɗewa a ƙasa shekaru. Tsibin hatsi yana haɗa bakuna da yawa a wuri guda, shi ya sa ƙananan hukumomi da dama a jihar doka ta hana zubawa, amma shuka a gona an yarda. Ko da yake ni ina ganin ƙaramar gona ma tara su take yi, bambancin dai yawa ne.

Kada kuma ka ɗauka tausayi ne zalla. Galibin masu wannan noma maharba ne. A gefen gonarmu akwai ɗan ɗaki a kan dogayen ƙafafu, a nan ake zama a watan Nuwamba, lokacin farautar bindiga na kwana 9 da ke farawa ranar Asabar kafin bikin godiyarsu, kowa sanye da riga ruwan lemo don kada a harbe shi. Makarantu a wasu ƙauyuka kusan watsewa suke yi. Lasisi ake saya, ana kuma yin rajistar duk abin da aka harba.

A wannan makon aikinmu da zarto ne. Muna kayar da wasu ƙananan itatuwa a bakin kurmi don rassan sama su sauko inda baki zai kai, kututturen kuma ya yi toho nan gaba. Dattijo ya ce a watan Fabrairu wannan ya fi kowace gona, na kuwa gaskata, don washegari sawu ya kewaye wurin.

Na yi kwas ɗin da doka ta wajabta kafin sayen lasisi, in Allah ya kai mu baɗi zan gwada sa'ata, in yi bisimilla in harba da hannuna, a kai a gwada cutar kafin a ci. Don Allah ka tambayar min Sarkin Fawan unguwarku yadda ake haɗa labun kilishi, yawan tunkuza da kayan yaji, don naman nan ba shi da kitse, ina jin zai karɓa. Ka gaishe min da Hajiya da yara, da duk mutanen majalisa.

Naka amini.