Ladabin ɗariƙa ba a kan muridi kaɗai yake ba

Malam Edita, assalamu alaikum, ya aiki ya jama'a. Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana da 'yan'uwana 'yan ɗariƙa, kuma tun kafin wani ya ce ɗan adawa ne ya saka rigar aro, ni Batijjane ne, a gidan wazifa na tashi, lazimina safe da yamma bana wasa da shi, zikirin Juma'a kuma sai dai in bana gari. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

Abin da ke damuna shi ne karatun ladabi da ake mana a zawiyyoyi gefe ɗaya ake karantawa. Kullum muridi ne, wato almajirin shehi a ɗariƙa: kar ka ɗaga murya gaban shehi, kar ka hau buzunsa, kar ka ce masa don me, kar ka ɓoye masa halinka, ka zama kamar gawa a hannun mai wanka. Duk na yarda, suna nan a littattafai kuma ba wanda zai samu komai a hanyar nan ba tare da ladabi ba. To amma shi mai wankan fa? Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen wankan gawa ya san shi ma da dokokinsa, ba ya yaye suturar mamaci, ba ya juya shi da ƙarfi, in ya ga wani abu mara kyau ba ya fita ya ba da labari, kuma ba ya laluba aljihun rigar da aka cire. Wannan rabin ne bana jin ana karantawa a lasifika.

Kuma ba wai babu shi bane fa. Shehu Abdulƙadir Jilani da ya rasu a Bagadaza a 1166, a cikin littafinsa Gunya bayan ya gama ladubban muridi sai da ya kawo abin da ya wajaba kan shehi, ya ce ya riƙi almajiri da tausayi da sauƙi, kar ya ɗora masa abin da bazai iya ba, kar ya nemi amfana da dukiyarsa ko hidimarsa, ya kuma rufa masa asiri. Yanzu don Allah sau nawa ka ji an fassara wannan wajen a majalisi?

Mu ɗauki hadiyya. Hadiyya abu ce mai kyau, da ita ake ciyar da baƙi da almajirai a manyan zawiyyoyi, duk wanda ya je Kaulaha ta ƙasar Senegal ko gidan Ƙadiriyya a Kabara lokacin maukibi ya ga yawan bakin da ake ciyarwa ya san ba ƙaramin nauyi bane. Amma akwai wani yaro a unguwarmu ɗan adaidaita sahu ne, mashin ɗin ma ba nasa bane balas yake kaiwa kullum, an tura musu lambar akawun a guruf ɗin WhatsApp wai kowane muridi ya kawo nasa za a canza wa malam mota, ya kwashe kuɗin da yake tarawa na haya ya yi transfa har yana nuna mana alat ɗin yana murna, bayan sati biyu matarsa ce ke bin maƙwabta tana aron garin tuwo, mai gida kuma yana sallama a ƙofa. Da muƙaddamin nan, wato malamin nasu mai izinin ba da ɗariƙa, ya san aikinsa shi zai kira shi ya mayar masa da kuɗinsa ya ce je ka biya haya, ciyar da iyalinka wajibi ne, wannan kuwa ko sunna bai kai ba. Ai uba ba ya cin guzurin ɗansa.

Sai hadimai masu tsaron ƙofa, waɗannan kam Allah ya shirya mu da su. Tsoho ya taso tun daga ƙauye ya zauna a rana tun hantsi yana jiran ya gaisa a yi masa addu'a, alhaji ya faka jif ko ɗan siyasa ya zo da 'yan rakiya, nan take a buɗe ƙofar ciki. Sau da yawa shi shehin bai ma san ana yi ba, amma da sunansa ake yi.

Inda na fi so a tsaya a yi tunani shi ne maganar mata. Mata sun fi mu yawan kai kuka wajen malamai, ta rashin haihuwa, ta kishiya, ta miji da ya juya baya, ta 'ya da ta daɗe ba miji, kuma mace in ta zo a wannan halin zuciyarta a karye take, duk abin da aka ce ta yi za ta yi. To me ya kawo shigar da ita ɗaki a turo ƙofa? Me ya kawo kiran waya ƙarfe sha ɗayan dare wai za a ba ta wuridi? Manzon Allah (SAW) da yake karɓar mubaya'ar mata, Nana A'isha ta ce hannunsa bai taɓa taɓa hannun wata mace da ba tasa ba, da baki yake karɓa. Kuma a daren da ya fito daga i'itikafi zai raka matarsa Nana Safiyya, wasu mutum biyu Ansar suka wuce da sauri, sai da ya tsayar da su ya gaya musu Safiyya ce, don kar Shaiɗan ya jefa musu wani abu a zuciya. Wannan fa ma'asumi kenan. Wane muƙami wani zai kai da zai ce shi ya wuce a yi masa zato? Kuma mu a ƙasar nan muna da misali a gida, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta kafa 'Yan Taru, ta naɗa jajis mata suna bi ƙauye ƙauye suna karantar da 'yan'uwansu mata. Me zai hana kowace zawiyya ta samu dattijuwa mai ilimi da za ta riƙa zama duk sanda mace ta zo ganin malam, ko a yi maganar a zaure ƙofa a buɗe? Wannan kariya ce ga malamin ma kansa, don ƙazafi ba ya da wuya a zamanin nan na waya.

Haka sirri. Muridi ya zo ya faɗi laifin da ya yi tsakaninsa da Allah yana neman hanyar tuba, gobe ka ji labarin a bakin hadimai, ko a majalisi a ce "wani ya zo min jiya" a siffanta shi har kowa ya gane. Haba jama'a.

Na san amsar da za a ba ni, kissar Annabi Musa da Halliru a Suratul Kahfi, wai ka ga abin da ya saɓa ka yi shiru akwai sirri a ciki. To ai Halliru da kansa ya ce ba da ra'ayinsa ya yi ba, kuma Allah ne ya shaide shi a Alƙur'ani ya ce ya ba shi ilimi daga wajensa, shi kuma malamin unguwarmu wa ya shaide shi? Maganar da duk Batijjane ya haddace ita ce ta Shehu Ahmadu Tijjani da ya rasu a Fas a 1815, cewa in kun ji wata magana daga gare ni ku auna ta da ma'aunin shari'a, in ta dace ku ɗauka in ta saɓa ku bar ta. Mai ɗariƙar kenan ya ce a auna shi, sai wani da ya karɓi izini shekaran jiya ya ce tambayarsa yankewa ce daga albarka. Cikin sharuɗɗan ɗariƙar nan akwai biyayya ga iyaye da tsare salloli biyar, don haka duk muƙaddamin da ya raba yaro da mahaifinsa, ko ya hana shi makaranta da sana'a wai yana hidima shekara da shekaru ba karatu ba jari, shi ya fara karya sharaɗi.

Kuma saɓa wa malami a mas'ala ba rashin kunya bane in an yi da ladabi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Baƙadire ne cikakke, babu malamin da yake girmamawa kamar Malam Jibrilu ɗan Umar, amma da malamin nasa ya tafi a kan kafirta masu manyan zunubai Shehu bai bi shi ba, ya rubuta ya bayyana cewa Ahlussunna ba sa kafirta musulmi da saɓo, kuma bai daina yabonsa da yi masa addu'a ba har ƙarshen rayuwarsa.

Mu muridai ma da namu, mu ke lalata wasu malaman da kambamawa, a Facebook kowa shehinsa ne gausi kowa nasa ne ƙuɗubi, wato ƙololuwar waliyyai, a zagi shehin wani don a ɗaga naka, a ƙirƙiro karamar da shi mai ita bai san da ita ba a yi bidiyo a watsa.

Roƙona ga halifofi da manyan shehunanmu na Tijjaniyya da Ƙadiriyya, Allah ya ƙara musu lafiya, a rage saurin ba da izinin muƙaddamanci, a bincika ilimin mutum da sana'arsa da zamansa da iyalinsa kafin a miƙa masa takarda, wanda kuma aka tabbatar ya ci amanar muridi a dukiya ko a mutunci a karɓe izinin a sanar, kar a ce rufin asirin ɗariƙa. Sannan a maulidin bana ko zama ɗaya ne a ware a karanta babin haƙƙin muridi a kan shehi, da Hausa, a lasifika, mata ma su ji daga inda suke zaune.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Wani muridi daga cikin birnin Kano