Wasiƙa zuwa ga ɗana bayan rasuwar amininsa

Maraɗi, daren Laraba.

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina sake yi maka ta'aziyya, domin wadda na yi maka a bakin maƙabarta ban ga alamar ta shiga kunnenka ba. Allah ya jiƙan amininka da waɗanda suka rasu tare da shi a ƙaramin jirgin da yake tuƙawa, ya sa sun huta, ya ba mu haƙurin rashinsu. Mu nan duk lafiya muke, sai sanyi da hazo waɗanda har yanzu ba su sake mu ba.

Na ɗauki alƙalami ne saboda sau uku ina kiran salularka kana ce mini lafiya lau, ni kuwa na san yadda muryar mai lafiya take. Maiɗakinka ta faɗa wa innarka halin da ake ciki, kuma kada ka ga laifinta, innarka ce ta matsa mata. Ta ce ba ka barci, kana raba dare kana maimaita kallon hotunan tarkacen jirgin, kuma tun ranar suna ba ka ɗauki jaririn ba, kai da ka yi masa huɗuba da sunan marigayi da bakinka. Ta kuma faɗi maganar da ta hana ni runtsawa, wai kana cewa kai ne ka kashe shi, tunda kai ka kira shi ana gobe suna, ka ce masa cikin wasa in bai iso Yamai ba to abota ta ƙare.

Ka san na yi shekara fiye da talatin a ofishin meteyo, wato na duba yanayi, na filin jirgin garin nan, kowace sa'a ina fita in duba sama, in auna iska, in rubuta iya nisan da ido ke gani. Saboda haka, tunda ana cewa hazo ne ya kayar da jirgin, ba zan lallashe ka da ƙarya in ce hazo ba ya kisa ba. Ƙurar da ke taso mana daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, tsakanin Disamba da Fabrairu, na sha ganin ta rufe gari cikin safiya ɗaya, har itatuwan da muke auna nisa da su su ɓace ɗaya bayan ɗaya, a wayi gari mutum ba ya hango abin da ya wuce ƴan mitoci ɗari. Matuƙin ƙaramin jirgi da ke tafiya da ganin ido, ƙa'idar da aka saba ita ce ya samu aƙalla kilomita 5 na gani a gabansa. In ya shiga hazo mai kauri, layin da sama ta haɗu da ƙasa ya ɓace masa, to jikinsa ne zai fara yi masa ƙarya, domin abin da ke cikin kunne wanda ke gaya wa mutum ko a tsaye yake ko a karkace ba ya jin karkata idan a hankali ta zo. Sai jirgi ya kwanta gefe guda, ya soma gangarawa, shi kuwa matuƙi yana jin daidai yake tafiya. Shi ya sa ake horar da su su gaskata agogunan da ke gabansu, su ƙaryata jikinsu.

Na faɗa maka wannan ne don ka san cewa mai yi maka magana ba baƙo ba ne a sha'anin. Amma ka saurari sauran. Babu matuƙin da ke tashi don abokinsa ya yi masa barkwanci a waya. Kafin ya tayar da injin sai ya karɓi takardar yanayi daga hannun irinmu, ya duba mai, ya lissafa nauyin kaya da na mutane, ya zagaya jirgin da ƙafarsa, sannan ya yanke shawara, kuma shawarar tasa ce shi kaɗai. Na ga waɗanda suka karɓi takardata suka karanta, suka koma suka zauna kwana biyu a ƙarƙashin dalbejiya suna shan shayi, manyan mutane na ta yi musu faɗa ba su motsa ba. Yaron nan kuwa na san shi, ba mai garaje ba ne. In ka ce wayarka ce ta sa ya tashi, to ka rage masa daraja a sana'arsa, ka mai da shi wanda ba ya da hankalin kansa, shi kuma ba ya nan balle ya kāre kansa.

Bayan haka, har yau ba wanda ya tabbatar cewa hazon ne. Injin kan tsaya, mai kan gurɓata da ruwa, tsuntsu kan faɗa wa jirgi, kuma sau da yawa abubuwa uku ko huɗu ne ƙanana ke haɗuwa a rana ɗaya. Ƙananan jirage irin nasa yawancinsu ba su ɗauke da akwatin nan mai naɗar bayanai wanda ake ce wa baƙin akwati (alhali ruwan lemo ne launinsa), don haka masu bincike sai sun bi tarkace guntu-guntu, su buɗe injin, su karanta littafin gyaran jirgin, su saurari maganarsa ta ƙarshe da hasumiyar filin jirgi. Tsarin da ƙasashe suka amince da shi ƙarƙashin yarjejeniyar Shikago ta 1944 ya tanadi rahoton farko cikin kwana 30, cikakken rahoto kuwa ana son ya fito cikin wata 12 in hali ya yi, kuma an rubuta ƙarara cewa manufar binciken ita ce hana aukuwar irinsa gaba, ba neman wanda za a ɗora wa laifi ba. Mutanen da aikinsu ke nan sun ba kansu shekara guda, kai kuwa ka yanke wa kanka hukunci a dare ɗaya. In sun neme ka, ka je ka faɗa musu lokacin da kuka yi waya da abin da ya ce maka, kada ka ƙara, kada ka rage. Iyakar abin da ke kanka ke nan a wannan fanni.

In kuwa dole sai an bi sawun laifi har gida, to ƙofata zai fara tsayawa. Wa ya fara kai shi filin jirgi? Kuna aji uku a lakwal kuka riƙa biyo ni a kan keke ɗaya, kai kana tuƙi shi yana baya, ku tsaya a jikin wayar shinge kuna jiran saukar jirgi. Ni na shigar da ku, ni na ba shi igiyar balan-balan ɗin auna iska ya sake ta da hannunsa, ni na roƙi wani matuƙi ya ɗora shi a kujerarsa. Kai ka tsorata ka ƙi hawa, shi kuwa da ƙyar aka sauko da shi. Daren da labari ya iso, wannan hoton ne ya tsaya mini a ido, na ce da ban kai shi ba, da yanzu yana kasuwa yana auna gyaɗa kamar mahaifinsa. Na kwana uku da wannan tunani, ban faɗa wa kowa ba sai kai yanzu. Abin da ya raba ni da shi shi ne hadisin da ke cikin Muslim, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mu cewa "da na yi kaza da kaza ya faru", ya ce mu ce Allah ne ya ƙaddara kuma abin da ya so ya aikata, domin "da" tana buɗe aikin shaiɗan. Na daɗe da sanin hadisin, amma sai yanzu na ga irin aikin da take buɗewa: tana hana uba ɗaukar ɗansa, tana hana mutum taka ƙofar gidan da ya fi kowane gida bukatarsa.

Ban ce kada ka yi kuka ba. Annabi da kansa ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahim, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba mu faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Ka yi kukanka, ni ma na yi nawa a bayan gida inda innarka ba ta gani. Hotunan nan dai ka goge su. Wanda ya tsaya a kan gawar bayin Allah yana ɗauka da salula, da waɗanda suka yi ta turawa a WhatsApp, Allah ya shirye su, amma kai ba ka da uzuri, domin kana da shekara kusan talatin na fuskarsa a zuciyarka, bai kamata ka musanya su da ƙarfen da ya ƙone ba.

Ka kuma toshe kunnenka daga masu fassara. A watan Disamba na 1995, lokacin da ƙaramin jirgin da ya ɗauko Mano Dayak, ɗaya daga cikin jagororin tawayen Abzinawa, ya faɗi a duwatsun Abzin yana kan hanyar Yamai kan maganar sulhu, ina bakin aiki, kuma babu irin labarin da ban ji ba a majalisun garin nan, kowa da nasa, kowa kuma ya rantse. Yau filin jirgin Agadas sunansa yake ɗauke da shi, masu labaran kuwa ba wanda ke tuna abin da suka ce. Haka za a yi ta kawo maka, wani ya ce kamfanin jirgin ne, wani ya ce hannu aka sa. Ka ce musu Allah ya jiƙan musulmi, ka tashi.

Akwai wani abu da nake yawan tunawa a kwanakin nan. Ranar 19 ga Satumba 1989 bam ya tarwatsa jirgin kamfanin UTA na Faransa a sararin hamadar Tenere, bayan ya taso daga Injamena za shi Faransa, mutum 170 suka hallaka. Sai a 2007, bayan shekara 18, danginsu suka shiga hamadar tare da mutanen Agadas, suka yi ta jigilar baƙaƙen duwatsu suna jerawa da hannu a kan rairayi har suka fitar da siffar jirgin a cikin da'ira, suka kewaye ta da fasassun madubai 170, suka kafa fiffiken jirgin a tsaye da sunayen mamatan. Mu ba al'adarmu ba ce gini don mamaci, kuma ba shi nake ce ka yi ba. Abin da ya kama ni shi ne, mutanen nan ba su samu sauƙi a zaune ba, sai da suka ɗauki dutse a cikin rana. Naka dutsen yana nan Maraɗi yana jiranka.

Ranar jana'iza ka tsaya a zaure, ka ƙi shiga wurin Hajiya mahaifiyarsa, kuma ana yin sadakar uku ka kama hanyar Yamai ba sallama. Ta lura. Jiya da innarka ta je, ta ce mata, "Shi ma ɗayan nawa ya tafi ke nan?" Ta san da maganar wayar, domin marigayi ya kira ta a daren yana dariya, ya ce mata ka yi masa barazana, kuma ta ce wannan dariyar ita ce muryarsa ta ƙarshe da ta ji, tana gode wa Allah da ya sa dariya ce. Matar da ta yi ta zuba muku fura a ƙwarya ɗaya ba tuhumarka take yi ba, kewarka take yi.

Ga kuma abubuwan da ba mai iya yin su sai kai. Ka fi kowa sanin mu'amalarsa, wanda yake bi da wanda ke bin sa, kuma ka san ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya, saboda haka ka zauna ka rubuta duk abin da ka sani kafin a zo rabon gado. Takardun da kamfanin ya aiko kan hakkinsa da kuɗin inshora duk da Faransanci suke, baffansa ya kawo mini na duba, amma idona ya yi rauni, kuma ina tsoron a sa tsohuwa ta dangwala hannu a kan abin da ba a karanta mata ba. Dukiyar marayu ce, ka tsaya a kanta da kanka. Maiɗakin marigayi tana cikin takaba, wata huɗu da kwana goma ba ta da halin zirga-zirga, ga yara biyu, babban ya daina zuwa lakwal tun da abin ya faru, domin ba mai kai shi. Annabi ya kasance in ya yanka akuya yakan aika wa ƙawayen Nana Khadija da nama bayan rasuwarta. Ban san wata hanyar tuna mamaci da ta fi wannan ba.

Za a yi sadakar arba'in ranar Asabar ta sama. Na san ra'ayinka a kanta, na kuma san malaman garin nan sun daɗe suna saɓani a kai, ni ma ina da nawa ra'ayin. Amma ba gidan Hajiya za ka kawo wannan muhawara ba. Ka zo ka zauna a tabarma, ka karɓi gaisuwa tare da ƴan'uwansa, ka yi masa addu'a yadda ka gamsu.

Ka nemi izini a wurin aiki, ka shigo motar Alhamis da safe. Ka zo da maiɗakinka da jaririn in jego ya bari, domin Hajiya ta ce tana son ta ga takwaran ɗanta, har ta sa an ɗinka masa ƴar riga. Idan ƙafarka ta yi nauyi a ƙofar gidan, ni zan shiga gaba in yi sallama, kai ka biyo ni da yaron a hannunka. Innarka tana gaishe ku, ta ce a riƙa rufe masa kai saboda sanyin hanya.

Wassalam.

Mahaifinka.