A bar yara su fita waje su yi wasansu

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana iyaye. Ranar Asabar da yamma na leƙa waje, layinmu tsit, ko yaro ɗaya babu. Da na koma ciki sai na tarar da nawa su uku, kowa ya duƙufa kan waya. Abin ya tsaya mini a rai.

Ina ɗan shekara tara, da an tashi daga makaranta sai fili. Ƙwallon tsumma muke bugawa, duwatsu biyu ne ragarmu, ba alƙalin wasa, ba babba a kusa. In gardama ta kaure kan ko ƙwallo ta shiga, mu za mu yi ta ja-in-ja har mu daidaita, don kowa ya san in aka watse da fushi wasa ya mutu. A nan na koyi haɗiye zafin shan kaye, a nan na fara iya duban wanda ya fi ni ƙarfi in ce masa bai kyauta ba. Har yau da tabo a gwiwata ta hagu, na faɗowa daga bishiya. Tun ranar ban ƙara taka reshe ba sai na gwada ƙarfinsa.

Na san abin da ke tsorata mu: motoci da miyagun mutane. Ni ma ina jin tsoron. Amma kullen ɗaki ma yana da illarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro mai shekara 5 zuwa 17 yana bukatar motsa jiki na aƙalla minti 60 kullum. A Taiwan, da matsalar rashin ganin nesa ta yawaita tsakanin ɗalibai, tun 2010 aka bukaci makarantu su riƙa fitar da su waje na minti 120 a rana, domin hasken waje na kare idon yaro. Wasa ma haƙƙinsu ne, yana nan a sashe na 31 na yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989.

Ni dai na zauna da maƙwabtana biyu, mun yarda yaranmu su riƙa fita tare da yamma. Ɗayanmu zai zauna daga nesa yana hango su, amma ba zai sa baki ba sai in da haɗari. Jiya ƙaramata ta dawo ƙafa duk ƙura, tana haki, tana ba ni labarin yadda suka raba faɗan wasu yara biyu da kansu.

Naka,
Wani uba mai 'ya'ya uku