Zuwa ga Mamana, a kan rasit ɗin da kika turo

Assalamu alaikum, Mamana. Ina fata kina lafiya, da maigidanki da ɗan angon kakarsa. Mu nan Makka lafiya lau, sai zafi.

Na ga hoton rasit ɗin da kika turo wa mahaifiyarki, kin zagaye layin ƙasa inda aka ce an yi miki ragin riyal 140. Ta yi ta murna, wai ɗiyarta ta iya tattali. Ni kuwa da na sa tabarau, layin sama na duba: riyal 610 kika baro musu. A ciki har da kwali uku na garin sabulu, da injin matse lemo, alhali na aurenki ko buɗe shi ba ki yi ba.

Kin san shekara 12 na yi ina jera kaya a wani babban kanti a Jidda kafin ciwon baya ya zaunar da ni. Babu abin da ke zaune a kanta bisa tsautsayi. Kayan da ke daidai idonki, da waɗanda aka tula a bakin layi, sau da yawa kamfanin da ya yi su ne ya biya kuɗin wurin. Mai araha yana ƙasa wajen ƙafa, sai wanda ya sunkuya. Kaza da mai da shinkafar da kike gani a shafin farko na takardar talla, kanti na iya sayar da su ba riba, tsaba ce ake watsa wa kaza. Sun san ba za ki ɗauki shinkafa kaɗai ki fita ba, shi ya sa madara take can ƙurya, sai kin ratsa komai kafin ki kai gare ta.

Kuma kanti yakan karɓi kaya bashi, ya biya dillali bayan wata biyu ko uku, ke kuwa nan take kike biya. Abin da ba ya so shi ne kaya su kwana. Idan kwanan watan lalacewa ya matso sai a ce mu liƙa "saya ɗaya a ba ka ɗaya". Da hannuna na sha turo tsofaffin kwalaye gaba, ina ɓoye sababbi a baya. Ki riƙa miƙa hannu ciki.

Shi ma kupon ɗin da ke shigo miki waya, na ragin riyal 30 idan sayayya ta kai 200, ki lura da aikinsa. Kin zo da niyyar kashe 150, ya sa kin nemo kayan 50 da ba ki buƙata don a ba ki 30. Wa ya ci riba? Lambar wayar da kike faɗa wa mai karɓar kuɗi, ko katin maki irin Iktissab na kantin Othaim, da su suke sanin ranar da kunzugun yaro ke ƙare miki. Ragin ma ba ya zuwa sai aljihu ya yi nauyi: wajen 27 ga wata da ma'aikatan gwamnati ke karɓar albashi, gab da azumi, 23 ga Satumba ranar bikin ƙasar Saudiyya, sai Farar Juma'a a Nuwamba, sunan da kantin intanet na Souq ya kawo a 2014 kafin Amazon ya saye shi a 2017. Kuma idan kin bar kantin Danube kin koma kantin BinDawood, gida ɗaya ne, nan Makka suka fara a 1984. Kantin Panda kuwa na kamfanin Savola ne.

Ban ce ki bar kupon ba. Tun da harajin sayayya ya tashi daga kashi 5 zuwa 15 a Yulin 2020, halala, wato kwabon riyal, ma abin lissafi ce. Amma ki rubuta abin da gida ke buƙata tukuna, sannan ki buɗe waya ki ga ko akwai ragi a kansa. Ki raba farashi da kilo, don babban buhu ba kullum ya fi araha ba. Tumatir da albasa ku je halaga, kasuwar sarin kayan miya, ku haɗa kwali da maƙwabciya, yadda mahaifiyarki ke yi a Ka'akiyya. Idan farashin da aka liƙa a jikin kanta ya saɓa da na rasit, ki yi magana a wurin, in sun ƙi ki kira 1900, lambar ƙorafi ta Ma'aikatar Kasuwanci. Tabby da Tamara kuwa, manhajojin nan na saya yanzu biya daga baya, kada in ji kin ci cefane da su. Bashi ne, ko an yanka shi gida huɗu.

Injin lemon, ki duba bayan rasit, in kwanakin mayarwa ba su wuce ba ki mayar. Sabulun kuma mahaifiyarki ta ce ki taho mata da kwali ɗaya idan za ku zo Umra. Ki gaida maigidan naki, ki ce ina jiran kiransa.

Mahaifinki.