Rahoton Shekara ga Mambobin Ƙungiyarmu ta Maƙwabtan Bariki

Assalamu alaikum, iyayenmu dattawa, iyayenmu mata da sauran 'yan uwa.

Taron wata-wata ya gudana kamar yadda aka saba, in ban da na watan azumi da aka ɗage.

Maganar safiyo ce a bakin kowa, don haka da ita zan fara. Bara mun yi alkawarin kawo shi ya auna gidaje da gonakin da ke jikin layin da bariki zai ja katanga, tun kafin su kammala babban tsarinsu. Ba a yi ba, kuma ba sakacin kwamiti ba ne. Mutumin ya zo, mun zagaya da shi har bakin rafi, ya yanka kuɗinsa, ya ce sai an ba shi rabi zai fara dasa duwatsun iyaka. Abin da ke asusu bai kai ba, domin waɗanda suka biya kuɗin wata ba su kai rabinmu ba. Ni da Ma'aji mun bi gida-gida bayan la'asar da littafin rasit a hannu. Wani ya ce sai an yi albashi, wani sai ya sayar da masara, wani gidan kuma aka ce maigida ya fita alhali babur ɗinsa na jingine a zaure. Abin ya yi mini ciwo, don mafi yawan masu wannan halin gidajensu ne suka fi kusa da layin.

Alhamdu lillahi, taron wayar da kai da muka yi a makarantar firamare ya share mana hawaye. Aji ya cika har waje, yara na leƙe ta taga. Hukumar bariki ta turo hafsa da taswira, aka manna ta a jikin allo, Babanmu tsohon injiniyan soja ya tashi da sandarsa yana fassara. Ya nuna mana cewa irin wannan tsari ba na baɗi ba ne, na shekara ashirin ko talatin ne: inda gidajen sojoji za su ƙaru, inda asibiti da makaranta da kasuwar mami za su zauna, ta inda ruwan sama zai bi, da tazarar da dole a bari tsakanin mutane da filin harbi da ma'ajiyar makamai.

A nan ne aka tambaye shi dalilin barin makeken fili ciyawa na cinsa, mutane kuwa na neman wurin gini. Sai ya tuna mana Ikeja. Ranar Lahadi 27 ga Janairun 2002, ma'ajiyar makaman barikin ta kama da wuta, bama-bamai suka riƙa tashi a tsakiyar Legas, fiye da mutum 1,000 suka rasu, da yawansu ba ma wutar ce ta ci su ba, a magudanar ruwan Oke-Afa suka nutse suna gudun ceton rai. Ajin ya yi tsit. Ya ƙara da cewa Kadunar nan tamu an taɓa zana mata tsari a 1967, wanda wani Bature masanin tsara birane, Max Lock, ya yi da hangen shekara 50, amma gari ya bunƙasa har ya haɗiye barikokin da a da suke bayan gari. Ko makarantar horar da hafsoshi ta NDA, da aka kafa a 1964, Afaka ta koma inda take da sarari.

Wata Inna daga unguwar gabas ta matso gaban allo, ta sa yatsa tana bin rafi a jikin taswirar har ta gano gonarta, ta ce a faɗa mata ciki take ko waje. Hafsan ya duƙa ya duba tare da ita. Ban taɓa ganin soja da talaka sun sunkuya kan takarda ɗaya haka ba. Muna godiya ga matan da suka yi zoɓo da matasan da suka ɗauko benci daga masallaci.

Lauyan da ya halarta ya ja kunnenmu kan Dokar Filaye ta 1978: gwamna na da ikon karɓar fili don amfanin jama'a, diyya kuwa ta gini ce da amfanin gona, ba ta ƙasar kanta ba. Wanda ba a auna nasa an rubuta ba, da me zai tsaya gaban masu ƙiyasi? Shi ya sa nake nacin safiyon nan, ba don jin daɗin ƙwanƙwasa ƙofofi ba.

Kwalbatin hanyar makaranta yana nan yadda muka bar shi. An sauke yashi, kuɗin siminti ya gagara, damina ta kwashe rabin yashin. Masu cewa kwamiti ya ci kuɗi su zo, littafin Ma'aji a buɗe yake.

Duk mai bashin kuɗin wata ya kai wa Ma'aji kafin taron gaba, ko da rabi ne. Safiyo ya yarda ya dawo da rani in mun haɗa kafin alƙalami.

Wassalam.
Sakatare