Godiya Ga Shagon Haɗa Jirage Da Gyaran Inji Na Bakin Ruwan Lagdo

Zuwa ga Baba mai shago, da kafintocinsa, da makanikansa, da yaran shago baki ɗaya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku. Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici, shi ya sa muka rubuta wannan takarda a fili domin kowa ya karanta, maimakon mu tsaya a ƙofar shago mu ce an gode mu wuce. Wasan bakin ruwa da aka yi a wannan hutun lekol, wato hutun makaranta, ya tashi lafiya. An yi tseren kwale-kwale, makaɗa sun yi kiɗa har hannu ya gaji, an zaga da mata da yara a kan tafki, baƙin da suka zo daga Garwa da Ngong sun koma gida babu wanda aka nema aka rasa. Jama'a sun ga tsere, sun ji kalangu. Aikin mako uku da kuka yi kafin ranar kuwa, kaɗan ne suka gani, kuma shi muke so mu faɗa dalla-dalla.

Wanda bai san wannan ruwa ba yana iya raina shi idan ya gan shi kwance da safe. Tun da 'yan China suka gina madatsar Lagdo a kan kogin Binuwai, a arewacin Kamaru, tsakanin 1977 da 1982, kwari ne guda ruwa ya cinye, da itatuwansa da duwatsunsa. Tuddan da suka tsira su ne tsibiran da muke gani yau, irin su wanda ake kira Madagaskar. Faɗin tafkin idan ya cika ya kai murabba'in kilomita 586, don haka iska tana samun filin da za ta tara igiyar ruwa kafin ta iso gaɓa. Ga shi a farkon damina ruwa bai gama dawowa ba, duwatsu da kututturan da ke ƙasa suna kusa da sama. Baba, kai ka fara faɗa wa masu shirya wasa cewa kada a ja layin tsere sai an bi hanyar da gora an auna zurfinta, kuma yaranka suka yi wannan aiki kwana biyu, suna soka gora suna sa alama.

Jiragen katako su suka fi cin lokacinku. Yawancin waɗanda aka kawo sun yi bazara a kan tudu, rana ta busar da katakon ya tsuke, bakin alluna ya buɗe. Mai gaggawa zai cusa auduga ya shafa kwalta ya tura ruwa a ranar. Ku kuka ƙi. Kuka nutsar da kowane jirgi a ruwa mara zurfi kwana uku har katako ya sha ya kumbura, sannan aka jawo shi aka kife, aka ga tsagar da ta rage da gaske. Dalilin a bayyane yake ga mai sana'a: idan aka danna auduga da yawa cikin busasshen katako, ranar da ya kumbura ba shi da wurin zuwa, sai ya ture ƙusa ko ya tsage allo. Bayan haka aka kankare tsohuwar kwalta, aka bar wurin ya sha iska, aka murza auduga kamar igiya aka buga ta da kurfi mara kaifi, aka zuba kwalta mai zafi, inda tsagar ta yi faɗi aka rufe da langa-langa da ƙananan ƙusoshi kusa da kusa.

Mun ga yadda babban kafintanku yake bin haƙarƙarin jirgi da guduma yana saurare. Katako mai lafiya yana amsawa da ƙara, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji shi dum kamar an bugi buhun dusa. Inda ya yi shakka sai ya soka tsinken ƙarfe. Wurin da ya fi tsayawa shi ne allon baya, inda ake ɗaura inji, domin nan ne girgizar inji da nauyinsa suke taruwa, kuma idan da farin katako aka yi shi ba ya daɗewa. Duk allon da ya yi laushi kuka cire shi kuka sa jan katako mai kauri. Akwai jiragen da kuka ce sam ba za su ɗauki mutane ba bana, duk da masu su sun yi roƙo, wasu ma sun yi fushi. Mun san ba abu ne mai sauƙi ba mutum ya ce wa maƙwabcinsa kuma abokin cinikinsa a'a a gaban jama'a. Wannan a'a ɗin tana cikin manyan abubuwan da muke gode muku a kai.

Sai maganar layin lodi, wadda muke fata kowace mashiga a tafkin nan ta ɗauka. Kowane jirgin da zai zaga da iyali kun loda masa buhunan yashi masu kilo 50, ana ƙarawa ana dubawa, har ya rage taƙi ɗaya da rabi, kusan santimita 30, tsakanin ruwa da bakin jirgi. A nan aka ja layi da jan fenti, aka ƙirga buhunan, aka rubuta yawan mutanen da zai ɗauka a goshin jirgi da manyan lambobi, ana lissafin babba ɗaya a kan buhu ɗaya da rabi. Amfanin wannan ya fito ranar wasa. Matuƙi ba ya buƙatar jayayya da Hajiyar da ke son a ƙara mata jika ɗaya, sai ya nuna mata layi. Kun kuma sa dokar cewa a zauna a ƙasa, manya a tsakiya, babu mai miƙewa ɗaukar hoto, domin jirgi ya fi kifewa lokacin da mutane suka ruga gefe ɗaya don kallon wani abu.

Ɓangaren inji ma haka. Injinan Yamaha masu ƙarfin doki 15 da masu ƙarfin doki 40 da muke amfani da su a nan ana gauraya musu man inji da fetur, kashi ɗaya cikin 50, wato rabin lita a tanki mai lita 25. Sabon inji a awanni goma na farko yana son ninkin haka. Mutane da yawa da ido suke zubawa. Idan mai ya yi yawa buji, wato fulogi, ya yi baƙi, inji ya riƙa hayaƙi yana mutuwa a ƙaramin gudu. Idan ya yi kaɗan fistin ya ƙone, asara ta fi girma. Makanikanku sun yanka robar ruwa sun yi mata alama, kowa ya auna da ita a gabansu. Fetur ɗin zuwa-zuwa da ake saya a kwalba kuwa, sun sa an bar shi ya kwanta dare guda a jarka, aka tsiyaye na sama ta cikin ƙyalle mai tsabta, aka bar na gindi, domin ruwa ya fi fetur nauyi, a ƙasa yake taruwa, kuma ɗigo kaɗan a kafireto ya isa ya tsayar da jirgi a tsakiyar tafki.

Ƙananan abubuwan da ke kunyata matuƙi duk kun bi su. Ɗan noti na shan iska da ke kan murfin tanki, wanda idan aka manta ba a kwance shi ba inji zai yi minti kaɗan ya shaƙe. Kibiyar da ke jikin robar matsa mai, wadda dole ta kalli inji. Fitsarin inji, wato ɗan ruwan da ke tsartuwa ta baya yana nuna famfon sanyaya yana aiki: a injinan da suka daɗe a ajiye zanzaro kan cika ramin da laka, sai a zura siririyar waya a buɗe, idan har yanzu bai fito ba to robar famfon ta mutu, a canza ta. Kun hana kowa tayar da inji a tudu ko da na daƙiƙa kaɗan, domin robar nan ba ta jure juyawa a bushe. Kun cire kowace farfela kun duba bayanta. Zaren koma da na ƙugiya suna naɗewa a nan, su ci robar da ke tare man giya, ruwa ya shiga. Man da ya fito fari kamar madara shi ne shaida, kuma duk injin da aka samu haka sai da aka canza masa roba da mai kafin ya sauka. Igiyar kashe inji da matuƙa da yawa suka ɗaure a jikin hannun inji don kada ta dame su, kun sa an mayar da ita wuyan hannun matuƙi, ta yadda idan ya faɗa ruwa inji zai mutu nan take.

Rigunan ruwa ba su isa kowa ba, kuma ba ku ɓoye wannan ba. Kuka ce yara da waɗanda ba su iya ninƙaya ba su ne farko, jirgi kuma ya jira har riguna su dawo daga zagayen da ya gabata. Yaron shagonku da ya tsaya a bakin mashiga yana ɗaure wa yara riga, yana kama kafaɗunta yana ɗagawa sama, idan ta wuce kunnen yaro sai ya ƙara matse ta ko ya canza ƙarama, Allah ya yi masa albarka. Tun safe har azahar bai zauna ba. A kowane jirgi kun ɗaure jarkoki huɗu masu lita 20, babu komai ciki, murfi a toshe da leda, kowace da madauki na igiya. Jarka irin wannan tana iya ɗaga nauyin kusan kilo 20 a ruwa, wanda ya isa ya riƙe kan babban mutum a sama har taimako ya zo. Ga abin kwasar ruwa guda biyu da filafili biyu ko da inji ya tsaya.

Filin tsere da jarkoki masu launin rawaya kuka shata shi, kowace da dutse a ƙasa da igiyar da ta fi zurfin wurin tsawo, don igiyar ruwa kada ta ja dutsen. Jiragen ceto biyu suna tafiya daga waje a hankali, saboda ruwan da inji ke turowa yana iya cika kwale-kwalen tsere, wanda bakinsa ke dab da ruwa. Da wani kwale-kwale ya kife a wurin juyawa, kamar yadda akan yi idan masu tuƙi suka karkata lokaci ɗaya, mun ga abin da kuka koya wa masu ceto: suka tunkari mutanen ta ƙasan iska, suka cire giya tun da nisa, suka jefa igiya da jarka, suka kashe inji kafin a jawo kowa kusa. Cikin ɗan lokaci masu tsere suna gaɓa suna matse riguna, jama'a na yi musu tafi.

Shawarar lokaci ma taku ce. Hadarin damina daga gabas yake taso mana, yawanci da yamma, kuma iskarsa tana riga ruwan sama isowa. Saboda haka aka fara da hantsi, aka ce jirgi na ƙarshe ya dawo kafin la'asar, aka sa mutum ɗaya a kan tudu ba shi da aiki sai kallon gabas, da usur da jan ƙyalle. Tun asuba kuma masunta biyu suka zaga suka ga inda dorina ta kwana, aka kauce wa wannan lungu gaba ɗaya, domin mai ɗa ba ta son a matso ta, ba ta kuma son a shiga tsakaninta da ruwa mai zurfi.

Makaɗa sun roƙe mu mu isar da tasu godiyar daban. Dandalin da kuka yi musu na jirage biyu da aka haɗa da katakai uku a gicciye, aka shimfiɗa alluna a kai, bai yi ko lilo ba, har mai ganga ya samu ya miƙe. Danshin damina yana sassauta fatar kalangu da ganga, murya ta dushe, sai an gasa ta a wuta. Kuka ce kaskon gawayi ya zauna a gaɓa nesa da fetur, ƙaramin kwale-kwale ya riƙa kai ganguna yana dawowa da su. Janareton lasifika kuka ɗora a tudu ƙarƙashin rumfa, wayoyi a kan gora sama da kai, mahaɗarsu a naɗe, babu wadda ta taɓa jiƙaƙƙen yashin da yara ke gudu a kai babu takalmi. Wurin wasan yaran ma da igiya aka kewaye shi a kan busasshen yashi, nesa da gefen da ke da ciyawa da dodon koɗi, inda ake ɗaukar tsargiya.

Baba, mun san kuɗin da aka ba ku na katako da kwalta da ƙusa ne kawai, ladan hannu kun bar shi. Allah ya saka muku da alheri, ya sa albarka a shagon, ya tsare yaranku a kan ruwa da tudu. Roƙonmu ɗaya: idan Allah ya kai mu baɗi, ku ware rana guda kafin a fara gyara, ku tara samarin matuƙa na sauran mashigai a gaban shago, ku nuna musu awon mai da jan layin lodi da hannunku. Mu za mu kawo buhunan yashi da fenti.

Wassalam.

Daga 'yan'uwanku masunta, da matuƙan jirage, da masu sana'ar kifi na bakin ruwan Lagdo.